Aljihun da Na Ɗinka a Hagu

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin En'e, akwai ranar da har yau ba ta bar raina ba, ranar da na hau jirgin sama a wata gona arewa da Maigatari alhali an ce kada in hau. Kun sha jin gutsuren labarin a bakin mutane, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Yau tun da Sale, da gemunsa da komai, ya ɓata rai don na ce ya farke ɗinkin cikin kujerar nan, ku ajiye basilla ku ji shi daga bakin mai shi.

A lokacin ni ne badukun En'e a Gumel. Ku da kuka tarar da mota, gani kuke aikinmu kujera ne da tamfol. Da ba haka ba ne. Jakunkunan wasiƙa, sirdin masinjoji, ɗamarar dogarai, salkar rangadi, duk a hannuna suke. Sama da ni akwai babban masinja, Malam Garba, tsohon soja. Shi ke kai saƙo tsakanin fada da bariki, shi kuma ke duba aikina. In ya ce jaka ba ta yi ba, to ba ta yi ba. Mutum ne mai gaskiya, ban taɓa kama shi da ƙarya ba sai sau ɗaya, amma doka a wurinsa kamar salla take, ba a ƙara raka'a ba a ragewa.

Shekara guda kafin abin da zan ba ku labari, an tura ni Kano in koyi ɗinkin jakar wasiƙa irin ta Turawa. Ina can sai jiragen Turawan Ingila suka sauka, irin waɗanda a shekarun nan sukan zo daga gabas su yi 'yan kwanaki su koma. Rana ta busar da fatar bakin mazauninsu duk ta tsattsage, aka nemi baduku, aka ce ga wani mutumin Gumel ba ya tsoron hawa. Ƙarya aka yi mini, ina tsoro. Amma na hau, na yi kwana huɗu ina hawa ina sauka.

Jirgin wancan zamani ba irin na yanzu ba ne da ake shiga ta ƙofa. Katako ne da waya aka lulluɓe da ƙyalle, fukafukai biyu, ɗaya bisa ɗaya. A gadon bayansa akwai rami biyu kamar bakin rumbu, mutum ya zura jikinsa ya bar kansa a waje. Na gaba na matuƙi ne, na baya na bakanike. Bakin kowane rami an naɗe shi da fata an cusa gashi a ciki, don kada mutum ya zubar da haƙoransa in jirgin ya yi tsalle. Wannan fatar ita ce aikina.

Daga waje duk kamarsu ɗaya, kamar zabbi. Da na fara zura kaina ciki sai na ga kowanne da halinsa. Na Ingila kujerar matuƙi saƙa ce kamar kwando, gabansa allon katako ne cike da agogai, sanda tana tsaye tsakanin ƙafafunsa, fatar baki kuma baƙa ce, an ɗaure ta da igiya ta cikin 'yan ƙawanyoyi. Ana cikin haka wani jirgin Faransi ya sauka ya kwana ɗaya, aka bar ni na leƙa. Shi kujerarsa ƙarfe ce mai huda-huda, fatarsa jaja-jaja, da ƙusa aka buga ta ba da igiya ba. Abin da idon baduku ya ɗauka ke nan. Zanen da ke jikin fukafukai kuwa ban ko tsaya kallonsa ba, don ba a kira ni fenti ba.

Cikin kanikawan akwai wani gajere mai jan wuya, muka sa masa suna Bahago, don da hagu yake komai. Ba ya jin Hausa, ni ba na jin Turanci, amma mai sana'a da mai sana'a ba sa rasa hanyar magana. Ya ja ni ramin bayan jirginsa, ya nuna mini aljihun kayan aikinsa a bangon dama, ya nuna yadda sai ya murɗe ƙugu kafin hannunsa ya kai. Na gane. Na ɗauko jar fatar akuya cikin tawa, na yanka masa aljihu mai ɗaki uku, biyu na sifana ɗaya na wuƙa, na ɗinke shi a bangon hagu daidai ƙarƙashin gwiwar hannu. Ɗinkin gidanmu na yi masa, biyu gaba ɗaya baya, ƙulli a ɓoye ƙarƙashin leɓe. Wuri ne da ba mai gani sai wanda ya zauna a ciki. Da na gama ya shiga ya gwada, ya daddaki aljihun da tafin hannu yana dariya, sa'an nan ya fito ya zaunar da ni a kujerarsa.

Da na dawo Gumel ban bar kunnen kowa ya huta ba. A majalisa jirgi, a bakin kasuwa jirgi, har aka sa mini suna Iro Mai Jirgi, kuma ba don girmamawa ba. Malam Garba in ya shigo rumfata sai ya ce, "Baduku, in ka gama yawo a sama, ka sauko ka ɗinke mini jakar nan." Ina jin haushi, amma na san ni na jawo.

To, ranar da nake faɗa muku Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, tsakiyar bazara. Mun je ni da Malam Garba da dogarai biyu, ni in zaɓi kirgi wurin majema, shi kuma yana da saƙo wurin hakimi. Da hantsi sai ga mutum a kan jaki, Bulaman wani ƙauye na bakin iyaka ya aiko shi. Ya ce tun jiya da hantsi wani abu ya faɗo daga sama a gonakinsu, sun sami Bature ɗaya da karyayyar ƙafa da rauni a ka, ba ya cikin hayyacinsa. Aka tambaye shi me ya hana su aiko tun jiya. Ya sunkuyar da kai ya ce sun yini suna shawara, suna tsoron abin da zai biyo baya. Di'o yana rangadi nesa, ba a isa gare shi a yini ɗaya. Hakimi ya ce Malam Garba ya je ya tsare wurin, sa'an nan ya dube ni yana murmushi ya ce, "Ku tafi da mai jirgin nan naku, yau ya ga ɗan'uwansa." Fadawa suka yi dariya, na ce, "Allah ya ba ka nasara," na bi bayan dokin Malam Garba.

Mun isa da azahar. Bulama ya tarye mu, tsoho ne dogo, da ƙuruciyarsa maharbi ne. Ya kwantar da Baturen a zaurensa, maɗori ya ɗaure ƙafar da kara, ana yi masa fifita. Zazzaɓi ya rufe shi, sai nishi, ko kalma ɗaya ba ta fita. Riga da gajeren wando na kaki ne a jikinsa, irin da kowane Bature ke sawa. Daga nan aka kai mu gonar, tafiya ce mai ɗan nisa daga gari. Jirgin ya kafa hanci a rairayi, wutsiya a sama, fiffike ɗaya ya karye ya rataya.

Ga yadda doka take, don ku gane abin da ya sa muka yi gardama. In abin Faransawa ne ya faɗo ƙasarmu, a tsare shi, kada a taɓa, a aika wa barikinsu na tsallaken iyaka su zo su ɗauki nasu, magana ta ƙare. In na Ingila ne, shi ma kada a taɓa, amma a buga waya Kano. Waya mafi kusa a lokacin tana sansanin masu shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a Gagarawa. Ko na wane ne dai, ba a taɓawa sai Bature ya zo.

Malam Garba ya zagaya jirgin sau biyu, hannu a baya. Ya tsaya gaban zoben da aka zana a fiffike ya ce, "Ja, fari, shuɗi. Tutar Faransi ke nan, kullum ina ganinta a bakin iyaka. Bulama, daga ina ya ɓullo?"

"Daga arewa, ranka ya daɗe."

"To, shi ke nan."

Nan take ya tura dogari ɗaya barikin Faransawa, ya sa aka kakkafa turaku aka zagaye jirgin da igiya, ya ce duk wanda ya tsallaka ya kuka da kansa.

Ni ina tsaye bayan igiya. Yadda jirgin ya kafe ba a ganin cikin ramukan daga ƙasa, amma ana ganin bakinsu. Baƙar fata ce, an ɗaure ta da igiya. Na matsa kusa da Bulama na ce, "Baba Bulama, mutum nawa kuka tarar?"

"Ɗaya."

"A cikin jirgin?"

"A'a. Ga shi can gindin aduwar can, a kwance, an rufe fuska da hula, gorar ruwa kusa da hannunsa."

Na auna da ido, daga jirgin zuwa aduwar ya fi taku talatin. Na ce, "Da karyayyar ƙafa ya je can?"

Ya ce, "Mun ce ko jan ciki ya yi." Shi ma da ya faɗa da bakinsa ya ji ba ta zauna ba. Bazara ce, ba kowa a gona. Kafin su yi ƙarfin halin zuwa rana ta yi tsaka, da suka zo kuma gari duka ya zo, har da shanun da ake korawa kasuwa. Sawun da ke wurin duk an tattake shi.

Na je wurin Malam Garba na rusuna na ce, "Malam, wannan jirgin ba na Faransi ba ne. Fatar bakinsa irin wadda na ɗinka a Kano ce. Irinsu kuwa mutum biyu suke ɗauka."

Ya ce, "Baduku, yau ba ranar tatsuniya ba ce."

"Ka bar ni in leƙa ciki. Leƙawa kawai."

"Doka ta ce kada a taɓa. Ba ta ce sai baduku ba."

"Malam, in akwai na biyu, yau kwanansa ɗaya da yini a dajin nan, gorarsa kuma ga ta ya bar wa ɗan'uwansa."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "In ka tsallaka igiyar nan, ka tsallake aikin En'e. Na faɗa maka a gaban shaidu."

Na koma na tsaya. Wallahi na tsaya, kuma wannan tsayuwar ce nake jin kunyarta har yau. Ina da mata da 'ya'ya biyu, ga uwata a ɗaki. Na yi ta gaya wa kaina ai Faransawa na zuwa, su za su duba. Sai na ɗaga kai na dubi rana, ta fara karkata, zafinta kuwa ko takalmi bai hana shi cin ƙafa ba. Na ce a raina, kafin su zo su yi nasu kallon su yi nasu shawarar, la'asar ta wuce. In akwai mutum a dajin nan, ba zai ga wata ranar ba. Na tuɓe takalmina, na ɗaure jakata a ƙugu, na ɗaga igiyar na shiga.

Dogarin da ya rage ya yo kaina, Malam Garba ya ɗaga masa hannu ya ce, "Bar shi. Ya riga ya kori kansa."

Na taka inda ake takawa a gindin fiffike, ƙafata ba ta manta ba. Na leƙa ramin gaba. Kujerar kwando, allon katako da agogai, gilashin biyu ya fashe, sanda a tsakiya. Na Ingila ne, ko shakka babu. Ɗamarar da ke riƙe matuƙi a kujera, faffaɗar fata ce, ba kwance ta aka yi ba, yanke ta aka yi. Na ja jiki zuwa ramin baya. Da yake wutsiya na sama sai da na rungumi jirgin kamar mai hawan giginya. Ban ma leƙa ba, hannu na zura ta bangon hagu. Yatsuna suka sauka a kan ɗinki, biyu gaba ɗaya baya. Na laluba ƙarƙashin leɓe, ga ƙullina inda na ɓoye shi. Sifana biyu suna ɗakinsu. Ɗakin wuƙa ba kowa.

Na ɗago na ce, "Malam, na san jirgin nan. Na san mai zama a nan. Ni na ɗinka masa aljihun nan da hannuna, bahago ne."

Mutane suka fara gunaguni. Malam Garba bai motsa ba. Ya ce, "To, na ji na Ingila ne, in ka yi gaskiya. Amma shekara guda ke nan. Ka san mutum nawa suka zauna a kujerar nan bayansa? Ka san ko jiya ba kowa a cikinta, kaya aka zuba? Ba zan watsa mutane cikin daji da wannan rana don aljihu ba."

Tambayarsa tana kan hanya, ban ji haushinta ba. Na koma ramin gaba na kwance guntun ɗamarar daga ƙarfenta, na sauko da shi. Wato bayan na taɓa kayan gwamnati, yanzu har na ciro. Na durƙusa a gabansa, na zaro wani guntun kirgi daga jakata da wuƙata. Na riƙe da hagu na yanka da dama, na ajiye. Na juya, na riƙe da dama na yanka da hagu, na ajiye. Kun san wannan, kullum kuna gani. Wuƙa ba ta sauka a miƙe, takan kwanta ta bar leɓe a gefe ɗaya, na dama daban na hagu daban. Ƙanen ubana bahago ne, tun ina koyo nake gane yankansa a cikin tsibin fata. Na jera guda ukun a kan rairayi. Ɗamarar ta bi yankan hagu.

Na ce, "Ga shi kuma daga bayan kafaɗa aka yanke ta, inda hannun mai zama ba ya kaiwa. Wani ne ya tsaya a kansa ya yanke, ya ciro shi, ya kai shi inuwa, ya rufe masa fuska, ya bar masa ruwa. Sa'an nan ya tafi neman mutane."

Bulama ya tsuguna ya ɗauki guntayen yana jujjuya su. Ya waiwaya ya ce da mutanensa, "A kawo salka biyu da gadon kara. Mutum huɗu masu ƙafa."

Malam Garba ya sunkuya ya dubi guntayen. Na san abin da yake aunawa. Ya riga ya kira Faransawa, in suka zo ya hana su mutumin, ya ɗauko rigimar iyaka, in ya ba su kuma ya ba da Baturen Ingila ga wata ƙasa da hannunsa. Ya kira dogarin ya ce ya hau doki ya nufi Gagarawa, a buga waya a ce jirgi ya faɗi, mutum ɗaya a hannu, ana neman na biyu. Sa'an nan ya juyo gare ni ya ce, "Baduku, na sa sunana a kan ɗinkinka. In ba ka samo mutum ba, ni da kai duk mun sauka. In ka samo, laifin igiya nawa ne. Tafi."

Bulama bai nemi sawu kusa da jirgi ba. Ya ja mu nesa, bayan inda shanu suka tattake, ya fara zagaye wurin a hankali, kai a sunkuye. Muka bi kudu, wajen gari, ba komai. Muka bi yamma, ba komai. Ni kuwa ina cewa a raina yau in ƙarya ta kama ni ina zan sa kaina. Da muka zo gabas sai ya tsaya ya nuna da sanda. Takalmi mai ƙusa, ƙaramar ƙafa, taku mai faɗi irin na mai sauri.

Bulama ya ce, "Inna lillahi. Tafki ya nufa."

Na ce, "Ashe akwai ruwa."

"Babu. Ya ƙafe tun sanyi. Amma ƙasarsa fara ce, da rana tana walƙiya. Wanda ya hango ta daga sama zai rantse ruwa ne. Ga gari kusa ta kudu, ya bar shi."

Muka bi sawun. Da farko a miƙe yake kamar an ja zare. Can muka ga inda ya zauna gindin wata kanya, ga alamar ya kwana a nan. Daga nan takun ya gajarce. Muka tsinci hularsa, gaba kaɗan muka tsinci rigarsa. Sawun ya fara karkacewa, ya yi dama ya yi hagu, wani wuri gwiwa ce da tafin hannu. Ƙaya ta shiga ƙafata, don takalmina na can bakin igiya na manta da su, ban tsaya cirewa ba. Haushin kaina nake ji, ina lissafin lokacin da na ɓata a tsaye ina tsoron Malam Garba. Na yi alkawari a raina ko gawa ce sai na kai ta gida, ba zan bar wa kuraye mutumin da ya zaunar da ni a kujerarsa ba.

Rana ta yi ja muka iso tafkin. Fari fat, ya tsattsage. A tsakiya akwai rami da aka haƙa, zurfinsa ya kai kamu biyu, busasshe, wuƙa a kafe a bakinsa. Shi kuma yana can gefe ƙarƙashin wata sabara, ya cusa kansa cikin 'yar inuwarta. Bayansa duk ya saɓule, leɓɓansa sun fashe sun yi baƙi. Na ɗauka ya mutu. Bulama ya sa kunne a ƙirjinsa ya ce, "Da saura."

Na fizgo salka zan kafa masa a baki, tsohon ya buge hannuna. Ya ce, "Kashe shi za ka yi? Ba a ba irin wannan ruwa haka." Ya jiƙa bakin rawaninsa ya riƙa matsa masa a leɓe, ɗigo-ɗigo, ya sa muka jiƙa rigar muka lulluɓe shi. An daɗe ana haka kafin maƙogwaronsa ya motsa. Da ya buɗe ido bai san inda yake ba. Ya yi ta ƙoƙarin nuna yamma, wajen jirgin, yana ɗaga yatsa ɗaya. Na gane ɗan'uwansa yake tambaya. Na nuna masa da hannu cewa yana nan, yana numfashi. Sai ya kafa mini ido. Na ce, "Bahago." Na ɗaga basillata na nuna masa. Ya daɗe yana kallona, sa'an nan ya ɗaga hannun hagu da ƙyar ya daddaki gefen haƙarƙarinsa, daidai inda aljihun yake zama. Ni da ban yi kuka ranar da aka binne ubana ba, a nan na zauna a kan busasshiyar laka na yi.

Mun shigo gari da shi ana kiran isha'i. Malam Garba na zaune ƙofar zauren Bulama, takalmina a ajiye kusa da shi. Faransawa sun zo sun tafi. Ya ce ya tsaya a ƙofa ya hana su shiga da girma da arziki, sai sajansu ya ce a kai shi ya ga jirgin. Yana hango fiffike ya yi dariya ya ce ba nasu ba ne. Duk launi ukun ne, amma nasu shuɗi ne a tsakiya, na Ingila ja. Malam Garba ya girgiza kai ya ce, "Ka ji, Baduku. Ashe amsar tana waje, baro-baro, ni da kai ba mu iya karanta ta ba."

Na ce, "Haka ne, Malam. Amma da mun iya, da mun buga waya mun zauna gadin igiya. Zoben ba zai gaya mana su biyu ne ba."

Ya tura mini takalmina da ƙafa ya ce, "Sa, kada ka ɓata mini ƙafar ma'aikaci."

Washegari aka ɗauke su biyun a kan gadon kara zuwa Gagarawa, daga can jirgin ƙasa na masu aikin hanya ya kai su Kano. Mun ji labari duk sun tashi. Ban sake ganin Bahago ba. Da Di'o ya dawo ya tambayi wanda ya tsallaka igiya, Malam Garba ya ce shi ya ba da izini. Wannan ce ƙarya ɗaya da na taɓa ji a bakinsa, kuma bai taɓa bari na yi masa godiya a kanta ba. Bayan kamar wata guda aka zo aka kwance jirgin aka ɗora wa raƙuma. Ran nan ina rumfa sai Malam Garba ya shigo ya jefo mini wani abu a cinya ya ce, "An ce a ba mai shi." Bai ƙara cewa in sauko daga sama ba, sunan Mai Jirgi kuwa ya zauna, amma dariyar ta fita daga cikinsa.

Shi ne wancan da ke rataye bisa ƙofa, wanda kuke cewa tsohuwar jakar goro ce. Sale, miƙo shi. Juya leɓen. Ka ga ƙullin? Ranar da na yi shi ba wanda zai duba, Malam Garba na Gumel, Bahago kuma bai san ɗinki mai kyau da marar kyau ba. Da na yi masa irin na cikin kujerar nan taka, da ya zube a hanya tun kafin shekara, in zura hannu in ji bango, in sauko in ba da haƙuri, mutum kuma ya ƙarasa a gindin sabara.

Abin da na koya a aikin nan ke nan. Waje na mai fenti ne da mai kallo, ciki namu ne, kuma ba ka san ranar da za a zo neman hannunka a can ba. Na kuma koyi cewa mai tsare doka irin Malam Garba ba abokin gaba ba ne, a kai masa hujja a ajiye a gabansa, in mutumin kirki ne zai ɗauka har ya ɗauki laifinka a kai. To, Sale, ga wuƙa. Farke shi ka sake, biyu gaba ɗaya baya, ka ɓoye ƙullin.